Janar Manaja Ya Koma Dainaso

Ranar sunan jikan Alhaji Mansir, liman ya ɗaga hannu yana addu'a, kowa ya sunkuyar da kai, sai zaki ya yi ruri a tsakiyar tabarma. Mutum huɗu suka tsallake kwanon masa. Mai unguwa ya kai bakin titi da takalmi ƙafa ɗaya. Da hankali ya dawo jiki aka gano zakin yana aljihun maƙwabcina ne, Malam Ɗanlarai. Wani da ƙasa zai roƙa ta tsage. Shi kuwa ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya ce, "Jama'a ku gafarce ni, lokacin ciyar da namun dawa ya yi. Shugabanci ba ya jiran suna."

Kai, unguwarmu Fadaman Mada ta yi dace da wannan bawan Allah! Shekara talatin yana buga hatimi a wata ma'aikata, bai taɓa shugabantar ko kujerar da yake zama a kai ba. Yana yin ritaya 'yarsa Fati ta aiko masa da waya mai shafe-shafe, a ciki akwai gem, wato wasan waya, na gidan zu: ka gina keji, ka ciyar da dabba, ka share kashi, 'yan kallo su shigo. Cikin wata guda ya mallaki giwa uku da raƙumin dawa. Mutumin da ko Yankari bai taɓa leƙawa ba, in kyanwa ta shigo zaure sai ya kira matarsa A'i. Muka naɗa shi Janar Manaja don tsokana, ya karɓa da hannu biyu. Yanzu in ka ce Malam Ɗanlarai ba ya juyowa.

Ana nan sai Obadiya mai gyaran waya ya nuna masa wani sabon gem. Shi ma gandu ne, amma na dainaso, wasu ƙattin ƙadangaru da aka ce sun ƙare tun kafin kakan kakanmu. Matsalar ɗaya ce, wayar ta cika. Sai an goge ɗaya ɗayan zai shiga.

Kwana uku Janar Manaja bai yi wa kowa murmushi ba. Ya zauna a majalisa ƙarƙashin dalbejiya ya ɗaure fuska kamar an ba shi zaɓi tsakanin Bauchi da Gombe.

"Ku ba za ku gane nauyin da ke kaina ba," in ji shi. "Gidan zu akwai kwanciyar hankali, ka san dabbarka, dabbarka ta san ka. Amma dainaso in ya fasa shinge sai ya cinye 'yan kallo. Wannan aiki ne na namiji mai ƙwarewa a harkar tsaro."

Muka ce haka ne, ranka ya daɗe. Mai shayi har ya ƙara masa madara.

Ranar ta huɗu da hantsi ya tsaya tsakar gida ya kira Obadiya. Katangarmu ɗaya, kuma shi ba ya waya sai unguwa ta shaida.

"Na yanke hukunci! Tsohuwar nan ta ishe ni. Ta cinye min wuri, kullum a ba ta abinci, kullum kuka. Na ga sabuwa, ta fi ta komai. Gobe zan kawar da ita. Ni yanzu dainaso, dainaso kawai!"

A'i tana madafa tana soya albasa. Shekara ashirin da shida tana gidan nan, ba ta taɓa jin wata dabba wai ita dainaso ba, amma ta san daina so. Ta sauke tukunya, ta kashe wuta, ta ɗaure kayanta a zane, ta tare Keke Napep sai Inkil, gidan yayanta Hamma Ya'u. Babban masanin tsaro yana ɗaki yana sallama da giwayensa ɗaya bayan ɗaya. Sai da azahar ta wuce, ciki ya yi ƙara, ya gano an fasa shinge.

Washegari dole biko. Ya ce in raka shi a matsayin ɗan tawaga. Ni da ko ba a gayyace ni ba zan bi.

Hamma Ya'u manomi ne, ba ya son dogon Turanci. Ya shimfiɗa mana buhu a zaure, A'i ta zauna daga bakin ƙofa ta juya mana ƙeya.

"Malam Ɗanlarai, wace ce tsohuwar?"

"Hamma, wannan batu ne na gudanarwa. A fannin kula da gandu akwai abin da ake kira..."

"Wace ce tsohuwar?"

"Manhaja ce."

"'Yar wace unguwa ce?"

Nan fa gumi ya karyo. Ya ciro waya, ya nuna zu, ya nuna hoton sabon gem. Hamma Ya'u ya karɓa, ya nisanta da ido, ya kusanto, ya daɗe yana kallo.

"A'i, zo ki gani. A kan ƙadangare kika bar miya a wuta."

Ta leƙo. Na ɗauka dariya za ta yi. Ina!

"Da mutum ce ma da na san da wa nake yi. Baban Fati, tun azumi kake cin tuwo da hannu ɗaya. In na yi magana ka ce giwa na naƙuda. Ranar da na kwanta zazzaɓi ka tambaye ni ko na ga cajarka. To, ka iya zaɓi, zaɓi: ka rabu da duka biyun a nan, ko ka koma su dafa maka."

Janar Manaja ya yi gyaran murya zai fara jawabi. Hamma Ya'u ya ce rana na yi, gona na jiransa. Yatsan da ya buga hatimi shekara talatin ya sauka a kan gilashi, ya danna gogewa. Giwa uku, raƙumin dawa, zaki, duk suka tafi lokaci guda. Dainaso kuwa ko ƙofar gida bai gani ba. A'i ta ce sai jibi za ta dawo, in ta tabbata Obadiya bai mayar ba.

A cikin Keke muna dawowa na kasa haƙuri. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina taya ka jaje. Janar Manaja guda, yau ko dabba ɗaya babu a hannunka."

Ya dube ni tun daga hula har silifa, ya gyara zama.

"Muddin kana leƙen katangata, ban rasa biri ba. Kai ko caji ba ka ci."