Amshin da Ya Raba Ni da Hansai

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta shekarar da nake aji biyar a sakandare ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. Ranar ce na tsaya gaban iyaye da malamai da ɗalibai, bakina a jikin lasifika, na tafka abin kunya har biyu cikin minti biyar. Na farkon shi mutane suke tunawa su yi dariya. Na biyun ni nake tunawa, kuma babu abin dariya a cikinsa.

Makarantar kwana ce ta 'yan mata a ƙasar Kazaure, a gindin wasu duwatsu masu tara zafi da rana su sako mana shi da yamma. Daga Roni aka kawo ni, ban taɓa kwana ko'ina ba sai ɗakin innata. Wanda bai yi makarantar kwana ba, ba zai gane ba: layin ruwa, siniyoyi masu aiken mutum kamar su suka haife shi, wake mai ƙwari (mukan ce da namansa ya zo), ga kewar gida. Waya kuwa, in aka kama yarinya da ita, a gaban kowa ake fasa ta. Saboda haka duk kiɗan da za mu ji sai wanda muka yi da hannunmu da bakinmu.

A nan Hansai ta shigo rayuwata. Gadonta ne a ƙasan nawa. Daga wani ƙauye take a bayan Gwiwa, siririya, ba ta da yawan magana, amma in ta kifa bokiti a bakin famfo ranar Asabar da hantsi, wurin wanki, sai ka rantse an canja ta. Kun dai san yadda gaɗa take: ɗaya ta ba da waƙa, saura su amsa suna tafi. To Hansai ce mai bayarwa, a wurin kakarta ta gada. Ta waƙe tuwon makaranta, ta waƙe siniyar da ke ƙwace mana sabulu ba tare da ta kama suna ba, ta waƙe iyayenmu mata har mu yi ƙwalla muna matse kaya. A zangona na farko kullum sai na yi kuka. Ita ce ta ƙirƙiro waƙar “mai hawayen Roni, ta cika mana bokiti mu huta da layi”, ta yi ta rerawa har na fashe da dariya da majina a hanci. Tun daga ranar ban sake roƙon Baba ya zo ya ɗauke ni ba. Gaskiya ɗaya ce, ba don waƙar bakin famfo ba, da ban gama makarantar nan ba.

Da muka shiga aji huɗu sai Allah Ya haɗa mu da Malam Sabo, malamin kimistiri. Dokarsa ita ce kowa ta haddace sinadarai ashirin na farko, a jere, kowanne da lambarsa, duk wanda kika tsallake bulala guda. Ni kuwa sunayen nan sun ƙi zama a kaina, in kama wannan wancan ya suɓuce. Ina zaune ina shafa tafin hannu, Hansai ta ce, “Kawo littafin nan, ƙawa.” Asabar na zuwa ta kifa bokiti.

“Wa ya riga kowa layin famfo?”

Mu ce, “Haidirojin ne, ayye!”

“Wa ke bin sa da bokitin aro?”

“Hiliyam ne, ayye!”

Haka har ashirin. Ita kullum da sabon baiti take zuwa, yau ta zolayi wannan, gobe ta yi wa waccan habaici, amshin ne kawai ba ya canjawa. Ni ban taɓa damuwa da in riƙe abin da take faɗa ba. Muryarta na sauka, sunan zai faɗo bakina da kansa. Malam Sabo ranar Litinin yake gwaji, lokacin muryar Hansai tana nan ɗanya a kunnena, sai in zuba amsa ba gargada. Maki ya hau. Malam ya fara nuna ni yana cewa a yi koyi da ni. (Hansai ma tana ci, amma ita in an tashe ta a aji murya ke maƙale mata, ni kuwa Allah Ya hore min baki.) Kafin a jima aka zaɓe ni in wakilci gidan kwananmu a gasar kacici-kacici.

Daga nan kaina ya fara rawa. Akwai su Ummi, 'ya'yan ma'aikata daga cikin garin Kazaure, masu turare da takalmi mai tsabta. Suna da waya da suka binne a cikin gwangwanin garin kwaki, suna jin waƙoƙin zamani da abin sawa a kunne. Da suka ga ana yabona sai suka jawo ni jiki (daga baya na gane aikin aji suke so in riƙa yi musu, amma a lokacin na ɗauka kyauna suka gani). Ranar da Ummi ta sa min abin a kunne ɗaya, ji na yi kamar an ba ni sarauta. Ta taɓe baki ta ce, “Ke ma har da ke a masu kiɗan ƙauyen nan?” Na ce, “Haba, kallo kawai nake yi.” Sai na mayar da wankina ranar Lahadi.

Sau ɗaya Hansai ta tambaye ni, tana gyara shimfiɗa ba ta dube ni ba: “Ƙawa, ko na yi miki wani laifi ne?” Na ce karatu ne ya yi min yawa. Ta ce, “Allah Ya ba da sa'a.” Zango guda cur ban taka bakin famfo ranar Asabar ba, ban kuma lura cewa sinadaran suna ta zubewa daga kaina ɗaya bayan ɗaya ba.

Aka sa gasar ranar ziyarar iyaye, bayan azahar. Baba ya hau acaɓa tun daga Roni, cikin rigarsa ta Juma'a, da ledar gyaɗa da ƙuli-ƙuli a hannu, ya samu wuri a layi na biyu. Muka yi ta fafatawa har aka zo tambayar ƙarshe, mu da wani gida mun yi kunnen doki. Alƙalin gasa ya dube ni ya tambayi sunan sinadari na goma sha biyu. Malam Sabo har ya gyara zama yana murmushi, don a ganinsa faɗuwa ta zo daidai da zama.

Na buɗe baki, wayam. Na fara lissafi a zuci: haidirojin, hiliyam, litiyam. A na huɗu motar ta tsaya. Na koma farko, ta sake tsayawa a wurin. Mai agogo ya ɗaga hannu. Ban san lokacin da ƙafata ta fara buga ƙasa ba, kafaɗa ta ɗauka, hannuwa suka haɗu suka yi tafi. Ina neman waƙar, ba mai ba ni. Sai kawai bakina ya saki abin da ya rage masa, cikin lasifika, da ƙarfi: “Ayye!”

Zauren nan ya ɗauki dariya kamar rufin zai yaye. Na hango su Ummi sun kife kai a cinya. Na yi fatan ƙasa ta tsage.

Cikin dariyar ne wata murya ta taso daga can baya: “Wa ya riga kowa layin famfo?” Hansai ce, wadda ko amsa sunanta a aji sai ta yi gumi, ta miƙe tsaye gaban iyayen mutane. Bakina bai yi shawara da ni ba: “Haidirojin ne, ayye!” Ta bayar, na amsa. 'Yan layin baya suka ɗauki tafi. Muka yi ta tafiya har na ji kaina ina cewa, “Maganiziyam ne, ayye!” Wata uwa ma ta rangaɗa guɗa, ta ɗauka cikin shirin ne.

Shugabar makaranta ta miƙe, zaure ya yi tsit. Ta ce an soke amsar, satar amsa ce. Ta nuna Hansai, sannan ta juyo gare ni: “Wace ce waccan? Tare kuka shirya wannan shashancin?”

Da na ce eh, ƙawata ce, taimakona ta yi, da bulala biyar ce ko shara, mu sha tare. Amma idona ya faɗa kan Ummi. Na ce, “Wallahi Malama ni ban ma san ta sosai ba. 'Yar ƙauye ce, haka take yi.” Na ɗauka a hankali na faɗa. Na manta bakina yana jikin lasifika, har masu sayar da awara a bakin ƙofa sun ji.

Ban ga fuskar Hansai ba, don ban iya ɗaga kai ba. Na dai ji an ce ta fita ta durƙusa a rana, kuma mako guda ita ce da wankin bayi.

Da aka tashi na sami Baba a gindin darbejiya. Na durƙusa na gaishe shi, ina jiran faɗan rawar da na yi. Sai ya ce, “Waƙar ba ta dame ni ba, uwarki ma ta yi gaɗa. Maganar da kika yi daga baya ce ban san inda kika koyo ta ba, don ba a gidana ba ne.” Ya miƙo ledar. “Wannan ba taki ba ce. Ki kai wa yarinyar can.” Ya tafi neman acaɓa, ko sa albarkar da ya saba bai yi ba.

Na kai mata, tana durƙushe, gwiwoyinta cikin tsakuwa. Na ce in ji Baba. Ta ce, “Ki ce na gode.” Na tsaya ina juya harshe, kalmar haƙuri ta ƙi fitowa, sai na ce, “Kin san ruɗewa na yi.” Ta ce, “Ba komai.” Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Su Ummi ba su kai mako ba suka yar da ni, bayan sun laƙaba min suna Ayye (har yau akwai waɗanda ba su san sunana na yanka ba). Asabar ta gaba na ɗauki bokiti na nufi famfo kamar kazar da ruwa ya doka. Hansai ba ta kore ni ba, ba ta kuma yi min habaici ko na baiti ɗaya ba, ita da ta iya. Ta ci gaba da waƙarta, ana amsawa, ni kuma na kasa buɗe baki. Haka muka gama makaranta, gadonta a ƙasan nawa, tsakaninmu sai ina kwana.

Yanzu tana koyarwa a wata firamare a Babura. Bara muka haɗu a wani biki, ta gaishe ni da fara'a, ta tambayi yara da maigida, ta kira ni Hajiya. Ita da take ce min ƙawa. Na karɓi lambarta da niyyar in kira in faɗi abin da ya kamata in faɗa tun tana durƙushe, ga shi har yau ina shirya yadda zan fara.

Abin da na koya, a makare kamar yadda na saba: in kunya ta kama ki a bainar jama'a, ki rungumi abarki ki sha, kwana biyu ne mutane su sami wani abin dariyar. Kada ki ce za ki goge ta a jikin wadda ta taso ta rufa miki asiri. Ni na gwada, kunyar ba ta fita ba, ƙawar ce ta tafi.