Yadda Za Ka Bar Zangon Bawku Ka Koma Bayan Rafi Ka Huta da Mutane

Ɗan'uwa, idan hayaniyar cikin gari ta kai maka iya wuya, ka zo inda ya dace. Matakai bakwai ne. Wanda duk ya bi su daki-daki, na yi masa alkawari kafin damina biyu zai samu shirun da ko maƙabarta ba ta da irinsa. An gwada su a kan mutum mai rai, Mutaru mai albasa na kasuwar Bawku. Mutarun nan ni ne, ban ɓoye maka ba. Amma zan riƙa ba da labarinsa kamar na wani, domin abin kunya ya fi daɗin faɗa idan ka aza shi a kan wani.

Mataki na ɗaya: Ka tara wa gari laifi

Kada ka tashi haka kawai, a ce tsiya ce ta kore ka. Ka yi wata shida kana ƙorafi a gaban mutane.

Mutaru bai sha wahalar neman abin faɗa ba. Gidan hayar da aka haife shi a zango ɗaki goma sha huɗu ne, iyali tara, bayi ɗaya. Da safe kowa da butarsa a layi, ana gaisawa ana matse-matse. Famfo yana kawo ruwa ranar da ya ga dama. Injin niƙa yana jingine da bangon ɗakinsa. Ka yi tari sau ɗaya, mata uku su aiko maka da jiƙo, ta huɗu ta zo da kanta ta ji ko ka sha.

Babban laifin dai goro ne. A zango ba a gayyata da takarda. Akwai wata tsohuwa, Damata, ita ke rabon goron suna da na aure gida-gida, ita ce kuma ke wanke mata idan sun rasu. Ta miƙo maka ƙwaya biyu a ganye, ka karɓa, to ka ɗauki alkawarin zuwa. Mutaru ya ce mako kwana bakwai ne, shi kuma goronsa tara, yaushe zai sayar da albasa?

Idan zuciyarka ta tuna maka koko da ƙosan da ke bakin ƙofa, da masallacin da ke taku ashirin, da asibiti, ka ce mata ba ita aka tambaya ba.

Mataki na biyu: Ka nemi fili inda murya ba ta kaiwa

Shekarar da aka koro mutanenmu 'yan ci-rani daga Agege zango ya cika har zaure, shekara biyu bayanta kuma albasa ta yi wa Mutaru kirki. Sai ya samu fili bayan rafi, ta hanyar Tempane, mil uku daga kasuwa. Kaɗanya biyu, ɗorawa ɗaya, ga fili akuya sai ta gaji kafin ta zaga shi. Ya gina ɗaki huɗu ya rufa kwano. Bayi biyu ya haƙa don huce haushi, ɗaya na amfani, ɗaya na nuna wa baƙi.

Mataki na uku: Ka shawo kan tsohuwa

Matarka ba matsala ba ce. Zaliha, matar Mutaru, da ta ji za ta samu murhu nata ita kaɗai, tun kafin ya rufe baki ta fara ɗaure tukwane. Aikin yana wajen mahaifiya.

Mma Lamisi 'yar Salaga ce, jikar fatake, shekara arba'in tana ɗaki ɗaya a wannan gida. Ta saurari ɗanta har ya gama yabon iska da zabbi da kuɓewa, sannan ta yi tambaya ɗaya.

"Mutaru, idan na mutu a can, wa zai ji?"

"Haba Mma, ai gari ne. In kin tsaya a ƙofar gida kina hango hasumiyar masallaci."

"Ban tambaye ka abin da ake hangowa ba. Na ce wa zai ji, wa za ta wanke ni, su wa za su tsaya sahu?"

Mutaru ya dafa ƙirji. "Duk zango zai zo, Mma. Ni ne fa Mutaru."

Ta dube shi ta ce Allah ya sa. A nan ka rantse da duk abin da ya zo bakinka. Alkawari ba shi da nauyi ranar da ake ɗaukarsa.

Mataki na huɗu: Ka ji daɗinka, ka kuma tabbatar kowa ya ji labari

Gaskiya ɗaya ce, wurin yana da daɗi. Mutaru ya yi barcin azahar har da juyi. Ya shanya albasa ba akuyar da ta taɓa. Ya shiga bayi ba tare da ya gaida kowa ba. Ranar kasuwa sai ya hau keke ya zo teburin Jibirilu mai shayi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ce yana tausaya musu, su da ke kwana a cikin injin niƙa. Jibirilu ya zuba masa shayi ya ce, "To, Alhajin daji, a gaida zabbi."

Mataki na biyar: Ka sani goro ba ya haye rafi

Sau ɗaya Damata ta je sabon gidan. Ta haye rafi da zane a tattare, ta iso tana haki, ta ajiye goro ta ce, "Mutaru, ƙafana ba lore ba ne, ba shi da taya. Wanda yake son goro ya zauna inda goro yake." Mutaru ya raka ta yana ba ta haƙuri, a ransa kuwa har da guɗa. Abin da ya gudo dominsa ke nan.

Abin da bai lissafa ba, mutuwa ba ta da goro. A masallaci ake faɗa bayan salla, baki ya kai wa baki, kafin la'asar an binne. Wanda ke kusa ya ji. Wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Kasuwar Bawku kuwa kwana uku-uku take ci, tsakanin kasuwa da kasuwa Mutaru yana gona.

Wata ranar kasuwa da damina ya shigo zango a kan keke, sai ya hango tabarmi a ƙofar gidan Damata, manyan tukwane a kan wuta, maza sun cika inuwa. Ya san surukar Damata tana da tsohon ciki. Ya jingine keke, ya buɗe hannuwa, ya ɗaga murya yadda na bayan layi ma zai ji: "Barkanmu da arziki! Mace ko namiji?"

Liman ya sunkuyar da kai. Jibirilu ya rufe fuska da hula.

Damata ta leƙo daga zaure da carbi a hannu. "Namiji ne, Mutaru. Shekararsa saba'in da biyar. Baba Hudu ne, maigidana, shekaranjiya muka kai shi. Yau addu'ar uku." Ta nuna wata tabarma da haɓa. "Waɗancan daga Yendi suka zo, sun kwana a hanya. Kai ina ka fito?"

Idan ka kai wannan matsayi, kada ka nemi ƙasa ta tsage ka shige. Ba ta tsagewa, Mutaru ya jira ya gani.

Da ya kai labari gida, Mma Lamisi ba ta yi masa faɗa ba. Ita da Damata shekara arba'in suna cin goro ɗaya, ga shi an binne mijin Damata tana nan tana korar zabbi daga shanya. Ta shiga ɗaki ta yi kuka, ya tsaya a waje yana ji.

Mataki na shida: Ka gyara ɓarna da wata ɓarnar

Zumunta a ƙafa take, Mutaru kuwa keke gare shi, sai ya ɗauka ya fi kowa. Kullum da sassafe yana teburin Jibirilu yana tambaya, "Kowa ya tashi lafiya? Malam wane fa, an ce jiki ya matsa?" Ya ga makara, ya bi, ko ta wane ne. Ya taɓa yin salla a kan wani baƙon mai shanu da bai taɓa gani ba, ya kuma fi 'yan'uwan mamacin jimami. Kafin wata biyu, gidan da ke da tsoho marar lafiya in an hango kekensa sai a ce masa tsohon ya warke, ya ma tafi gona.

Ka lura da ribar wannan mataki. Yanzu a gari kake karyawa, a gari kake salla biyar, a gari kake wuni, kamar dā. Bambancin kawai, ka ƙara wa kanka mil shida da taɓo har gwiwa.

Yana can yana bin gawar mutane, zazzaɓi ya kwantar da Mma Lamisi kwana huɗu. Zaliha ta yi iya yinta. Amma a kwana huɗun nan mutum ɗaya ce ta yi sallama a gidan, wata mata mai neman ɓatacciyar tunkiya. Rana ta uku Mutaru ya zauna a bakin ƙofar ɗakin yana sauraron numfashinta, yana ƙirga waɗanda za su tsaya sahu in abin ya zo. Bai samu kowa ba sai shi kansa, da manomi ɗaya na tsallaken gona. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Mataki na bakwai: Idan tsohuwa ta tashi, ka ba ta hanya

Ranar da ta ji ƙarfi, da hantsi, Mma Lamisi ta fito da ƙullin kaya a ka. A ciki akwai zane uku, da kwanonta, da farin yadin da ta tanada na likkafani.

"Mma, ina zuwa?"

"Gida."

"Ai nan ne gida. Ɗaki huɗu, Mma. Don ke na gina."

"Allah ya yi maka albarka, gini ya yi kyau. Ka zauna ka sha iska. Ni zan koma inda in na yi tari za a ce sannu."

Ya roƙe ta ta hau keke ya tura ta. Ta ce da ƙafarta za ta je ta ba Damata haƙuri. Ya bi ta a baya yana jan keke har zango. Damata ta gan ta, ta matsar da tabarmarta gefe ta yi mata wuri.

Bayan wata uku mura ta kama Mma Lamisi, murar da ba ta kai ta kwanta ba. Mutaru ya ji a teburin shayi, ya sayi burodi da madara ya garzaya gidan Damata. Takalman mata sun cika ƙofar ɗakin har tsakar gida. Kwanonin jiƙo da kunu a jere. Daga ciki yana jin dariyar mahaifiyarsa, wadda rabonsa da jinta tun kafin su tashi.

Wata amarya da aka kawo gidan daga Yendi kwanan nan ta tare shi. "Maza ba su shiga yanzu, Baba. Kai wane ne nashi?"

"Ɗanta ne."

Ta dube shi, ta dubi taɓon ƙafarsa. "Mma Lamisi yana da ɗa?" Ta juya ta ɗaga labule. "Mma, wani mutum ya zo, wai shi ɗanki ne."

Muryar tsohuwa ta fito sarai, ba fushi a cikinta ko kaɗan. "Ku ba shi tabarma da ruwa. Daga nesa yake."

Jan kunne

Mai wannan takarda ya yi alkawarin shiru, kuma shiru zai zo, ko shakka babu. Abin da ya biyo bayansa, kai da tsohuwarka da rafinka ne, babu hannuna babu ƙafata. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kada ka ɗauko ƙorafi ka nufi bayan rafi, ba za ka tarar da kowa ba sai Zaliha da zabbi. Maigidan yana zango, a kan tabarma, da burodi a cinya, yana jiran mata su ragu.