Likitan Ƙasa da Tafkin Yayansa

Duk wanda bai san Likitan Ƙasa ba, to bai taɓa bi ta ƙofar ofishin gona ba. Allah ya yi wa ma'aikatar nan baiwa da shi. Kwana uku cur ya yi a wani kwas kan tsamin ƙasa, ya dawo da takardar shaida mai faɗin taga, ya rataye ta daidai inda mai shigowa zai yi karo da ita. Masu baƙin ciki suna cewa a rana ta biyu, ranar da aka bambanta farar ƙasar da ake zubawa da wadda ba a zubawa, shi yana wajen tela ana rage masa hannun kwat. Mu dai ba ma sauraron 'yan hassada.

Tun daga nan komai na duniya ya zama tsami. Masara ta yi rawaya, tsami. Akuya ta rame, tsami. Yakan ɗebi ƙasa da yatsu biyu, ya kai hanci, ya lumshe ido, ya girgiza kai don tausayin jahilcin manoma, sannan ya goge yatsun da hankici.

Yana da yaya mai kiwon kifi a wani ɗan tafki a bayan gari. Wata bakwai bawan Allahn nan yana ciyar da su, saura mako uku ya kwashe, kuma da su gidansa zai ci har shekara ta zagayo. Tsautsayi ya sa ya ce a gaban ƙanen nasa kifin bana ba sa girma yadda yake so.

"Tsami ne, Yaya," in ji Likita, ko ruwan bai gani ba. "Ka gode wa Allah da ya ba ka ƙane irina."

Yayan ya so ya zille, sai mahaifiyarsu ta sa baki, ta ce ya bar yaro ya gwada iliminsa. Haka ya haɗiye maganarsa.

A shagon kayan gini mai shago ya buɗe wa Likita buhu biyu. Ɗaya niƙaƙƙen dutse ne, ruwan toka, mai kashe tsami sannu a hankali. Ɗayan ƙonanniyar farar ƙasa ce ta magina, fara sol.

"Yallaɓai, wannan farar cin hannu take yi, in ta taɓa ruwa har tafasa take. In da kifi a ciki, mai tokar ake sawa, ita ma kaɗan-kaɗan."

"Malam, kai sayarwa kake yi, ni karanta ta na yi. Wannan mai kama da shara wa zai gan ta a hoto? Ɗora mini farar, buhu goma."

Ranar aiki aka kafa rumfa a bakin tafki, aka jera kujeru, mai hoto ya zo, aka jona lasifika. Likita ya yi jawabin minti arba'in, ya ambaci kansa sau da dama, ya ambaci kifi sau ɗaya.

"Yau kimiyya ta sauka a wannan tafki! Abin da wasu ke yi a wata uku, ni yanzu zan gama shi a gabanku."

Ya hau kwalekwale da kwat ɗinsa, masu dako suna farka buhu, shi yana nuni da sanda. Ruwa ya yi fari kamar an zuba madara. Ba a jima ba kifi suka taso sama, suna buɗe baki, suna fantsama.

"Kun gani? Sun farfaɗo! Da can ko motsin kirki ba sa yi."

Aka yi tafi. Tafin bai gama lafawa ba na farko ya juya cikinsa sama, na biyu ya bi shi. Kafin mai hoto ya gyara tsayuwa, ba ka ganin komai a kan ruwa sai fararen cikuna.

Nan dariya ta ƙare. Yayan ya faɗa ruwa da rigarsa har ƙugu, yana ɗaga kifi ɗaya bayan ɗaya ko zai samu mai sauran rai, ruwan yana cin fatar hannunsa bai ma sani ba. Babban mutum, mai iyali, yana hawaye a gaban jama'a. Abin gwanin tausayi, manyan baƙi suka fara zamewa ta bayan rumfa.

Amma gwani ba ya rikicewa. Likita ya zaro takardar gwajin tsami daga aljihu, karon farko ke nan da aka ga ya taɓa ta, ya tsoma a ruwa, ya ɗaga ta sama.

"Yaya, kwantar da hankalinka, aiki ya yi kyau. Duba, ko ɗigon tsami babu."

Yayan ya dube shi, da mataccen kifi a kowane hannu.

"Sannu da ƙoƙari. To wa ka gyara wa ruwan?"

Washegari Likita ya aika wa shugabansa rahoto mai shafi huɗu da hotuna shida. Ya rubuta cewa an kawar da tsamin tafkin baki ɗaya, kuma tun daga lokacin babu kifi ko ɗaya da ya sake nuna alamar damuwa. Wannan karon kam gaskiya ya faɗa.