Ranar da Na Yi wa Malam Inuwa Addu'ar Mamaci

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka miƙa min lasifika a makarantar zane ta unguwarmu, Dukawuya, ba. Bikin yaye ɗalibai ake, aka ce ni zan ba da tarihin makarantar tunda na iya tsara magana (wata uku kacal na yi a cikinta, kuma har na bari ban iya zana akuya ba).

Tarihin kam na san shi. Malam Inuwa mai rubuta allunan shaguna ne da yi wa manyan motoci ado. Yaran unguwa suka dame shi da kallo, sai ya buɗe musu zaurensa, yana koya musu da ragowar fenti a gwangwanin madara. Daga nan aka shiga zayyana, aka shiga zana dagi a bango, har zaure ya zama ajujuwa.

Matsalar ita ce na daɗe a Fatakwal. A can wani ya ce min Malam Inuwa na Dukawuya ya rasu. Na yi salati, ban tambayi wane Inuwa ba. Ashe wani Inuwa ne daban, mai gyaran agogo.

Na iso a makare, na wuce kai tsaye gaban jama'a, na gyara murya.

"Marigayi Malam Inuwa, Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa."

Ba wanda ya ce amin. Na ɗauka jimami ne, sai na ƙara da rawar murya. Na ce Malam mutum ne da ba ya yi wa kowa faɗa. Na ce ranar da na ji labarin ko abinci ban iya ci ba (na ci).

Sai wani dattijo siriri mai tabarau a layin gaba ya ɗaga sandarsa.

"Yaro, yaushe abin ya faru? Ni ba a sanar da ni ba."

Wurin ya kece da dariya. Malam Inuwa ne da kansa. Na durƙusa a gabansa.

"Malam, a gafarce ni."

"Tashi ka ƙarasa," ya ce, ko murmushi babu. "Tun da na buɗe wurin nan ban taɓa jin yabo irin na yau ba. Amma inda ka ce ba na faɗa, gyara shi. Ba a yi wa gawa ƙarya."

Na ƙarasa kaina a sunkuye, shi kuma yana amsa amin.

Tun daga ranar, ba na kiran kowa marigayi sai in da ni aka kai shi maƙabarta.