Yadda Za Ka Koyi Crosspicking Ba Tare Da Hajiya Ta Sani Ba

Bi matakan nan, na ba ka tabbaci yatsunka za su yi gudu a kan jita kamar na ƙauyawan Amurka masu kiɗan bluegrass. Na gwada su a kan Ashafa, ɗalibin harhaɗa magunguna a Manchester, wanda ba shi da buri a duniya sai Bartholomew ya ɗauke shi a ƙungiyarsa ta makaɗa. Yana nan da ransa.

1. Yi nisa da gida.
Iyayen Ashafa suna Small Heath a Birmingham, shi yana Fallowfield a Manchester. A gidansu duk wanda ya riƙe abin kiɗa maroƙi ne, ko da digiri uku gare shi. Ya sayi jita ya tura ƙarƙashin gado, bayan buhun shinkafa.

2. Riƙe pick.
Ɗan roba ne mai kusurwa uku. Riƙe shi kamar kana ɗibar yaji, ba kamar kana murɗe kunnen ƙaninka ba.

3. Ƙasa, ƙasa, sama.
Sirrin crosspicking ke nan gaba ɗaya. Tsirkiya uku a jere: ka bugi ta farko ƙasa, ta biyu ƙasa, ta uku sama, ka koma. Da baki ba wuya. Ashafa ya yi ta yi har abokiyar hayarsu Chloe ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko famfo ne ke ɗiga. Kada ka karaya, sannu ba ta hana zuwa.

4. Kada ka gaya wa ƙanwarka.
Ashafa ya gaya wa ƙanwarsa Inaya cewa ranar Lahadi da rana Bartholomew zai gwada shi a wani ɗakin taro. Ta rantse ba mai ji. Kafin la'asar mahaifiyarsu Hajiya Murja ta sayi tikitin train.

5. Kada ka ɗaga kai.
Masu sauraron bluegrass sukan zauna tsit, sai ɗan kaɗa ƙafa. Ashafa ya fara, hannu ya saki, sautin na gangarowa tar. Bartholomew har ya lumshe ido. Sai tsautsayi ya sa yaron ya ɗaga kai, ya hango mahaifiyarsa a bakin ƙofa da leshi da gwaggwaro. Ya zaci mari ne ke tafe.

Ina ma marin ne. Hajiya ta saurara, ta ga Turawa sun zuba wa ɗanta ido ba wanda ya motsa, abin ya yi mata ciwo.

"Haba! Yaro na ta wahala, nobody is appreciating? Wace irin rowa ce wannan?"

Ta rangaɗa guɗa, ta buɗe jaka, ta hau dandamali yin liƙi. To kuɗin ƙasar nan na roba ne, ba ya kama goshi. Ta manna, ya zame. Ta sake mannawa, ta danne da babban yatsa har kansa ya koma baya.

"Mama, please, ba na ganin strings!"

"Ci gaba, ɗan albarka, ni na riƙe maka."

Ƙasa, ƙasa, sama ta koma sama, sama, ko'ina.

6. Karɓi ƙaddara.
Bartholomew ya tsince kuɗin ya miƙa cikin ladabi, ya ɗauki wani yaro daga Stockport. Ashafa ya yi baƙin ciki ƙwarai, har ya kasa cin dambun da ta kawo masa.

"Rabu da su," in ji Hajiya. "Ba su san darajarka ba. Na riga na yi maka booking, sunan jikar Hajiya Aminatu a Sparkhill, next Saturday."

Hattara: Ni dai kiɗa na ce zan koya maka, kuma ka iya. Idan ka wayi gari kai ne makaɗin kowane suna da biki a Birmingham, guɗa ta danne jitar ba mai jin ko tsirkiya ɗaya, babu hannuna babu ƙafata. Ka je ka nemi ƙanwarka.