Ranar Da Muka Kori Motar Kifin Nuala

Duk gaɓar tekun Donegal babu harshen ɗanɗano irin na Malachy Gildea. Shi ya faɗa mana, mu kuma muka yarda. Ya yi shekara biyu a wani babban otal a Dublin, ya dawo garinmu Portavar da gyale a wuya da sabuwar hanyar riƙe cokali. An ce akwatunan baƙi yake ɗauka a can, amma ai ta ƙofar kicin yake wucewa da su. Muka sa masa suna Farfesan Miya. Da ya ji, sai ya ɗauka girmamawa ce.

Idan aka ajiye masa miyar kifi ba ya sha nan take. Sai ya rufe ido, ya shaƙa, ya ce, "Wannan miya ba ta da alƙibla." Mai abincin ta koma kicin jiki a sanyaye.

Da aka kafa kwamitin da zai fitar da ɗan littafin wuraren ci da sha na yankinmu, shi ya zama shugaba. Ni, Dessie, mai sayar da ƙusa da fenti, aka ba ni magatakarda saboda ina da biro.

A zama na uku ya miƙe ya ce, "Jama'a, duniya na zuwa Portavar. Me za ta fara gani a tashar jiragen ruwa? Motar suyar Nuala Boyce! Hayaƙi, maiƙo, dankali a takarda. Gari mai daraja ba ya warin mai."

Shekara talatin Nuala tana soya kifi da dankali a wurin, tun da teku ta cinye mijinta. Da motar nan ta rene 'ya'ya huɗu. Duk Juma'a a can nake cin abincin rana. Na so in yi magana, har na gyara murya. Sai Farfesa ya dube ni ya ce, "Dessie mutum ne mai wayewa, ya fahimta." Ban taɓa jin an kira ni mai wayewa ba. Da aka zo ƙuri'ar korar motar, hannuna ya riga na kowa tashi.

Aka tura Nuala bayan garejin faci, aka kuma ƙi saka sunanta a littafin.

Ranar ƙaddamar da littafin muka cika sabon gidan abincin surukin Farfesa, mu bakwai cikin kwat, da 'yan jarida uku daga Dublin. Farfesa ya yi jawabin minti arba'in kan ruhin teku. Sannan aka kawo abinci: faranti kamar tayar mota, a tsakiyarsa naman kaguwa da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, da ciyawar teku sili biyu, da wata kumfa. Na yi zaton ba a ɗauraye farantin ba ne.

"Kada ku tauna," in ji Farfesa. "Ku saurare shi."

Muka saurara. Cikina kawai nake ji.

Ƙarfe uku na rana na sulale ta bayan coci, na nufi garejin ina waige. A can na tarar da ma'ajinmu, da mataimakin shugaba, da sauran 'yan kwamitin duka ban da Farfesa, kowa yana duban takalminsa. A kan katanga kuwa ga 'yan jaridar Dublin a jere, maiƙo har gwiwar hannu, ɗaya tana ɗaukar hoton motar.

Can sai ga Farfesa, ya ja gyale har hanci. Da ya gan mu ya miƙe wuya.

"Bincike na zo yi."

"Binciken da kake zuwa yi duk Talata da Alhamis?" in ji Nuala, wadda ta san mahaifiyarsa Bríd, daga tagar mota. "Yau ka makara, ɗan Bríd. Kifi ya ƙare, dankali ma haka. Baƙinku sun ce tun safe ba su ci komai ba."

Farfesa ya matsa jikin taga, ya rage murya.

"Ko ɓurɓushi babu, Nuala?"

Ta kankare gindin kaskon, ta zuba masa ƙonannen garin suya a takarda, wanda ta saba watsa wa tsuntsayen teku. Ya karɓa da hannu biyu. Bai rufe ido ba, bai shaƙa ba.

Ni kuwa na tsaya a bayansa ina jira ko zai rage min. Bai rage ba.