Rasuwar Gaju, Na'urar Sanyaya Madara

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin zafi, ni Erifazi Kahangire nake sanar da dangi, maƙwabta da duk mai kawo mana madara rasuwar na'urarmu ta sanyaya madara, wadda aka fi sani da Gaju. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara goma sha ɗaya. Girman kai ne ya kashe ta, kuma ba nata ba ne. Nawa ne.

Ta gaji sunanta daga jar saniyar da na sayar na sayo ta. Marigayiya mai haƙuri ce, mai riƙon amana. Ba ta taɓa bambanta madarar mai shanu ɗari da ta mai saniya ɗaya ba. Duka takan rungume su har motar birnin Mbarara ta zo ta kwasa. Maganarta ɗaya ce, "hmmmm", daga safe zuwa safe. In ta gamsu da sanyin cikinta sai ta ce "tak", ta huta.

Ga yadda ciwon ya faro. Tun da gwamnati ta raba harkar lantarki gida uku, mai samarwa daban, mai ɗaukowa daban, mai sayarwa daban, 'yan kasuwa suka yi rububin gina madatsun ruwa, don a can riba take. Wuta ta yi yawa a bakin kogi. Amma wayar da ke kawo ta wajenmu ita ce dai siririyar nan da aka ja tun ina da baƙin gashi. Kowa ya rataya a kanta: masu niƙa, masu walda, masu aski. Abin da ke isowa ga Gaju bai fi ragowa ba.

Daga baya wani kamfani ya yarda ya ja babbar waya a kan dogayen turakun ƙarfe. Ɗaya daga cikin turakun zai tsaya ne a filina, inda shanu ke kwanciya da rana. Mai awonsu ya zo da hular kwano. Matata Kenyangi ta turara ƙwaryar baƙi, ta cika ta da madara, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya ce, "Na gode Mama, ina da ruwana a roba." Ko taɓa ƙwaryar bai yi ba. Ya wuce ya kafa jajayen sanduna huɗu.

Na tuge su, na jefa a wutar da muke korar wa shanu ƙuda.

Shugaban ƙauye ya zo sau uku. Kenyangi ta ce, "Maigida, madarata ya ƙi, ba taka ba, ni kuwa na yafe. Ka bar su su kafa ƙarfensu." Na ce wanda bai sha a gidana ba ba zai haƙa a gidana ba. Shekara uku muna haka, har masu ba da kuɗin aikin suka gaji, suka kai shi wata gunduma. Turakun suna nan dama da hagun filina, ba waya a kansu. Tsuntsaye sun ji daɗi.

A shekarun nan muryar Gaju ta canza. "Hmmmm" ya koma "grrr, grrr", kamar tsoho mai hawan tudu. Ta daina cewa "tak". Ranar Talata ta yi tari sau biyu, ta fitar da warin ƙonanniyar roba, ta yi shiru. Mai gyara Tibesigwa ya buɗe ta, ya sunsuna, ya rufe. Ya ce, "Dattijo, wannan ba ciwo ba ne, yunwa ce. Shekara uku tana ɗaukar kaya da rabin ciki. Ko sabuwa ka sayo, kafin ayabarka ta nuna za ka sake kirana." Ban ji komai ba. Har yanzu ma.

Ta rasu ta bar garewanin madara goma sha huɗu, da ludayin awo, da mitar wuta ɗaya a bango wadda ba ta san an yi mutuwa ba.

Za a wanke gawar ranar Alhamis da safe. Injinta zai tafi da mai sayen ƙarafa a bayan babur. Gangar jikinta za a ajiye ta inda na tuge sandunan nan, shanu su riƙa shan ruwa a ciki. Ba za a yanka komai ba. Masu zuwa gaisuwa su zo da shayinsu, don madarar gidan ta yi tsami.

Abin da na rasa: madara lita ɗari takwas, mun zubar a kwata. Gidaje ashirin da uku da ke kawo min madara, yanzu suna tura keke mil tara zuwa wani gari, ba sa ɗaga min hannu in sun wuce. Saniya ɗaya, Gaju, sau biyu. Da ƙwaryar baƙi, wadda Kenyangi ta kife tun ranar Talata.

Filin kuwa yana nan. Ba wanda ya haƙa shi.